Shago ya ƙi karɓar rigar da ɗinkinta ya warware, ina mafita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na sayi riga da siket a wani shago. Sawar farko ɗinkin rigar ya warware a hammata, siket ɗin kuma ya matse ni, ko takardar farashinsa ban cire ba. Da na koma sai suka nuna min allo wai kayan da aka saya ba a mayarwa. Rasit ya ɓata, amma da kati na biya.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Hajiya, maganarki biyu ce, ki raba su. Rigar aibi gare ta, siket kuwa lafiyarsa ƙalau, girmansa ne bai yi miki ba. A dokokin kare masu sayayya na ƙasashe da dama, kaya mai aibi dole mai shago ya gyara, ya canza, ko ya mayar da kuɗi, kuma allon da ya kafa ba ya soke wannan haƙƙin. Wanda bai dace da jikinki ba kuwa sai yadda tsarin shagon ya ce, alfarma ce. Wa'adi ya danganta da ƙasa. A Birtaniya, dokar 2015 ta ba da kwana 30 a mayar da kaya mai aibi a karɓi kuɗi cif. Kwana 14 na fasa ciniki da mutane ke yawan ambata kuwa na sayayya ta intanet ne a can da Tarayyar Turai, bai shafi wanda ya shiga shago ya taɓa kaya da hannunsa ba.

Baba Tela: 'Yata, juya rigar ki duba cikinta. Idan zare ne ya zare, yadi bai ji komai ba, laifin ɗinki ne: ko ba a maimaita ƙarshen layin ba, ko zaren sama da na ƙasa ba su ja daidai ba. Idan yadin ne ya zame daga ɗinkin har bakinsa ya yi zare-zare, an matse masa rara, wato yadin da ake bari tsakanin ɗinki da bakin yadi, alhali a kan bar santimita 1 zuwa 1 da rabi. Duka biyun nasu ne. Inda za ki sha wuya shi ne in yadin ya yage nesa da ɗinki, nan za su ce wani abu ne ya kama shi. Kuma don Allah kar ki kai wa tela, kar ki wanke. Da allura ta sake shiga wurin, hujjarki ta tafi.

Anti Rabi: Rashin rasit ba ya kashe magana, shaidar ciniki ake nema. Ki buɗe saƙon banki mai ɗauke da rana da adadin kuɗin, da shi za su gano cinikin a na'urarsu. Ki ɗauki hoton wurin da ya warware, ciki da waje. In kin je, manaja za ki nema, mai karɓar kuɗi galibi ba shi da ikon yanke hukunci. Ki faɗi abu ɗaya da kike so, kuɗi ko canji. In suka ƙi, ki rubuta musu da wa'adin amsa, ki riƙe kwafi, sannan ki kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasarku. Shi kuma siket, canjin girma za ki roƙa, sun fi saurin yarda da shi a kan fitar da kuɗi. Ki kai shi da takardarsa, ba ƙamshin turare, ba tabon hoda.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Na manta ban faɗa ba, rigar a rangwame na saye ta.

Malam Nura: Rangwame ba ya rage miki komai, sai fa in saboda wannan aibin aka rage kuɗin kuma aka nuna miki shi kafin ki biya. Abin da za su mayar miki shi ne kuɗin da kika biya, ba farashin asali ba, kuma yawanci ta katin da kika yi amfani da shi.