Wasan Bedlam zai dawo kuwa?

Ɗan Stillwater:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Oklahoma State, a nan Amurka. Tun da jami'ar Oklahoma ta koma rukunin gasar SEC a 2024 aka daina wasan Bedlam, wato karawar ƙwallon ƙafar Amurka tsakaninmu da su, wanda aka fara tun 1904. A karon ƙarshe, 2023, mun doke su 27 da 24, ɗalibai suka tuge ƙarafan gola suka jefa a tafkin makaranta. Yayyena, akwai ranar dawowarsa kuwa?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuɗin talabijin ne ya raba ku. Shi ya kwashi USC, UCLA, Oregon da Washington zuwa rukunin Big Ten, wasu ma suka fice, aka bar tsohon rukuninsu na Pac-12 da jami'o'i biyu kacal a 2024. Wallahi yaran jami'o'in Stanford da Cal, da suka koma rukunin da ke gabashin ƙasar, nake tausayi: daga Kalifoniya har gabar Atilantika don wasa, ga karatu na jiransu.

'Yar Austin:
Mu 'yan jami'ar Texas kam mun ci riba. Texas da Texas A&M sun sake karawa a 2024 bayan shekara 13, muka ci 17 da 7.

Baban Hanifa:
Ɗan Stillwater, kada ka cire rai. Washington da Washington State sun raba rukuni, amma har yanzu suna karawa. In shugabannin jami'o'inku sun so, za su samo gurbi a jadawali.