Tambaya: yaya aka yi na'urorin kiɗan lantarki suka bar ɗakin bincike suka shiga dandalin rawa?

Nafi'u:
Assalamu alaikum. Na jima ina bibiyar tarihin kiɗan da ake haɗawa da na'ura, amma akwai wani gurbi da na kasa cikewa. Na san cewa Lev Termen ya ƙera na'urarsa a Rasha a 1920, wadda ake kaɗawa ba tare da an taɓa ta ba, sai dai a motsa hannu kusa da sandunanta biyu. Na kuma san cewa a 1948 Pierre Schaeffer ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a Faransa ya mayar da ita kiɗa. Waɗannan duk masana ne da ke aiki a keɓe. To, a wane lokaci ne kayansu suka isa hannun matasan da ke kwana suna rawa ƙarƙashin fitilu masu launi-launi?

Malam Sada:
Wa alaikumus salam, Malam Nafi'u. Kafin mu kai ga amsar, ina so a ba wani mutum haƙƙinsa, domin ana yawan tsallake shi. A 1944, shekaru huɗu kafin Schaeffer, Halim El-Dabh ya naɗi sautin bikin zar, wato bikin neman waraka daga iskoki, a Alƙahira da na'urar da ke naɗar murya a kan waya, sannan ya sarrafa sautin har ya zama wani abu dabam.

Abin da ya tsare kiɗan a ɗakin bincike shi ne girman kayan da tsadarsu. Ɗakin da gidan rediyon Kolon ya kafa a Jamus a 1951 na hukuma ne, kuma mawaƙi yakan shafe makonni yana yanka zaren tef da reza yana liƙawa kafin ya samu kiɗan 'yan mintoci. Na'urar RCA Mark II ta 1957 kuwa ɗaki guda ta cinye, ana ba ta umarni da takarda mai huji. Irin wannan ba ya zuwa wurin rawa.

A ganina, mahaɗar da kake nema tana San Faransisko. A can ne Morton Subotnick da Ramon Sender suka kafa cibiyar kiɗan tef a 1962, suka kuma nemi Don Buchla ya ƙera musu na'urar da za ta fitar da sauti nan take, ba sai an yi yanke-yanke ba. Shi wannan Sender ɗin yana cikin waɗanda suka shirya bikin Trips Festival a Janairun 1966, tare da Stewart Brand da Ken Kesey, inda aka kwashe dare uku ana haɗa kiɗa da hasken majigi da rawa. Ka ga ke nan mutanen ɗakin binciken ne da kansu suka ɗauki kayansu suka kai dandali.

Bilkisu:
Malam Sada, na yarda da muhimmancin wannan biki, amma ina ganin an ɗan ɗora wa na'urar nauyin da ba nata ba. Abin da jama'a suka taka rawa a kansa a 1966 jita ce da ganga, na ƙungiyoyi irin su Grateful Dead a Amurka da Pink Floyd a kulob ɗin UFO na Landan. Abin da zamanin ya gadar shi ne tsarin taron: doguwar waƙa marar yankewa, da hotunan da ake yi ta hanyar zuba mai da rini a faranti a haska su a bango.

Kuma bai kamata a rufa wa zancen ƙwaya asiri ba. LSD, wadda Albert Hofmann ya haɗa a Suwizalan a 1938, ita ce ginshiƙin waɗannan taruka, kuma ba a haramta ta a Kalifoniya ba sai a Oktoban 1966. Ina jin takaici idan na ga ana ba da tarihin kamar ba a yi asarar kowa ba, alhali akwai matasan da hankalinsu ya gushe bai dawo daidai ba.

Na'ura ba ta karɓi ragamar rawar ba sai da ta yi arha. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da TB-303 a 1981 domin ta maye gurbin mai kaɗa jitar bas, ba ta karɓu ba, aka daina ƙera ta a 1984. Matasan Chikago suka saye ta a kasuwar kwance, suka riƙa murɗa maɓallanta yayin da take kaɗawa, sai ta ba da wani sauti mai lanƙwasa wanda ƙungiyar Phuture ta fitar a faifai a 1987. Shekara guda bayan haka sautin ya mamaye Ingila.

Nafi'u:
Na gode muku ƙwarai. Malama Bilkisu, idan haka ne, ina matsayin Goa, jihar nan ta Indiya da aka sani da nata salon kiɗan rawa na lantarki? Shin daga Chikago ta samo nata?

Malam Sada:
Bari in karɓi wannan, da izinin Malama Bilkisu. Goa ce igiyar da ta ƙulla zamunan biyu. Tun ƙarshen shekarun 1960 matafiya daga Turai da Amurka suka yada zango a gaɓar tekun Anjuna da ke Goa, suka ci gaba da irin tarukan San Faransisko da kiɗan jita. A farkon shekarun 1980 masu sa kiɗa suka koma ga faya-fayan lantarki na Turai, suna cire muryar mawaƙi suna maimaita sassan kiɗan zalla domin rawar ta ɗore har wayewar gari. Da kaset suke aiki, daga baya kuma da DAT, wato ƙaramin kaset na dijital, saboda zafi da ƙura suna lalata faifan garmaho. Sautin TB-303 ya tarar da su ne a kan wannan turba, shi ya sa ya zauna daram cikin salon da aka sa wa sunan Goa a farkon shekarun 1990.