Neman shawara: fosfet ne ke ɗaure kuromosom ko shi ke kwance shi?

Mai tambaya, ɗaliba a ajin ƙarshe, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni batun da zan gabatar a semina: yadda liƙa wa furotin fosfet (wani ɗan ƙaramin sinadari) ke sarrafa kamun da zaren sifindil (zaren da ke jan kuromosom zuwa kusurwoyi biyu na ƙwaya) ke yi wa kuromosom (ƙunshin kayan gado na ƙwaya) yayin da ƙwayar yis ɗin burodi ke rabuwa biyu. Inda na tsaya shi ne nan: a aji mun koyi cewa idan aka liƙa wa furotin fosfet, an kunna shi ke nan. To amma na karanta cewa furotin Ipl1 yana liƙa fosfet a kan Dam1 da Ndc80, furotin da ke riƙe zaren a jikin kuromosom, sai kamun ya yi rauni har kuromosom ya suɓuce. Me zai sa ƙwaya ta kwance abin da take buƙata a ɗaure? Kuma ta ina zan fara bayani a gaban malamai? Don Allah a taimaka.

Wani malamin kimiyyar sinadaran jiki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara ajiye waccan magana ta "kunnawa". Fosfet canza halin furotin yake yi, wani ya ƙara kuzari, wani ya lafa. A nan lissafin caji ne. Jikin zaren sifindil ɗin, wato maikurotubul, yana ɗauke da caji mara kyau (negetif), wutsiyar Ndc80 kuma tana da caji mai kyau (fozitif), shi ya sa suke manne wa juna. Fosfet caji mara kyau gare shi, da zarar Ipl1 ya liƙa shi a wutsiyar sai mannewar ta ragu.

Dalilin kwancewar shi ne zuciyar batunki. Kafin rabuwa, kowane kuromosom ya zama tagwaye, furotin kohisin ya riƙe su tare. Abin da ake so, zare daga kusurwa ɗaya ya kama ɗaya, zare daga ɗaya kusurwar ya kama ɗan uwansa. Amma kamun farko na dace ne, sau da yawa tagwayen biyu sukan kamu da kusurwa guda. Idan aka rabu a haka, sabuwar ƙwaya ɗaya ta kwashe biyu, ɗaya ta tashi a tutar babu. Ƙwaya ba ta da ido, da ja take gane daidai. Idan kusurwoyi biyu na ja, kohisin na turjewa, wurin ya ɗaure tamau. Idan kusurwa guda ce ke jan duka biyun, babu turjiya. Kamar masaƙi ne, zaren da ya ji ya yi sako-sako shi yake kwancewa ya sake ɗaurawa. Ipl1 ke kwancewa. Glc7 kuma, furotin da a wasu halittu ake kira PP1, yana cire fosfet ɗin idan kamu ya yi daidai, sai ya zauna daram.

Wata 'yar uwa mai digiri na biyu, Daura:
Malam ya gama magana. Ni shawarata kan tsarin gabatarwa ce. Kada ki buɗe da sunayen furotin, mutane za su gaji tun kafin ki kai tsakiya. Ki buɗe da aikin Bruce Nicklas na 1969, wanda ya sa siririyar allurar gilashi ya ja kuromosom ɗin ƙwayoyin fara, ya nuna kamun da ba daidai ba ma yana daɗewa idan aka ja shi. Daga nan ki faɗi abin da ya sa aka zaɓi yis: kuromosom 16 gare shi, kuma kowane kinetoko, wato tarin furotin da ke kan kuromosom inda zare ke kamawa, zare ɗaya tak yake kamawa, saɓanin namu da ke kama zare da yawa. Sai ki kawo Ipl1, wanda Chan da Botstein suka gano a 1993, kuma ɗan uwan Aurora B ne na jikin mutum.

Wani ɗan uwa:
Ki yi hattara da abu ɗaya, domin nan masu tambaya ke kama ɗalibai. Littattafai da yawa na cewa ja yana nisanta Dam1 da Ndc80 daga inda Ipl1 yake zaune, shi ya sa ba ya kai musu. Bayani ne mai ƙarfi, amma masana na ci gaba da muhawara a kansa. A 2010 ɗakin binciken Sue Biggins ya ciro kinetoko daga yis, ya nuna ja kaɗai na ƙara wa kamu daɗewa ko babu aikin Ipl1. Ki kawo duka biyun, za su san kin yi karatu.

Malamin ya ƙara:
Gaskiya ne. Kuma kada ki haɗa Ipl1 da Mps1, wani furotin mai liƙa fosfet, a tukunya ɗaya. Mps1 yana liƙa fosfet a kan furotin Spc105 a kinetokon da ba a kama ba, wannan ya janyo furotin masu tsaro, Bub1 da Bub3, sannan Mad1 da Mad2, su hana rabuwa ci gaba. Ipl1 ya kwance, Mps1 ya sa a jira. Sai kowa ya kamu sannan a rusa Pds1, furotin da ke danne Esp1, shi kuma Esp1 ya yanke kohisin, tagwaye su rabu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya da ɗan uwa. Yanzu na ga hanya. Saura abu ɗaya: minti goma sha biyar aka ba ni, in sa Mps1 ko in bar shi?

'Yar uwar Daura:
Ba shi shafi ɗaya a ƙarshe. Sauran lokacin ki zana tagwayen a allo sau biyu, masu kamun daidai da masu kamun kusurwa guda, ki nuna inda fosfet ke hawa da inda yake sauka.