Tramol ya daina kama ni, ana ce mini in koma allura

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana.

Ni magini ne. Shekara biyu da suka wuce na faɗo daga saman gini, ƙuguna ya bugu. Likita ya rubuta mini Tramol mai miligiram 50 na kwana biyar. To kwana biyar ɗin ne har yau ba su ƙare ba. Daga mai 50 na koma mai 100, yanzu mai 225 nake saya, biyu da asuba kafin in fita, ɗaya da la'asar. Kuma wallahi ba na jin komai. Abin da na sani kawai, in ban sha ba sai hamma, majina, gudawa, ƙasusuwa kamar an yi mini dukan tsiya. Jiya wani abokin aikina ya ce ai jikina ya wuce ƙwaya, in gwada allurar penta, wata allurar kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Har na je ƙofar mai sayarwa, na tsaya, na juyo. Matata ba ta sani ba, a cikin safa nake ɓoye katin. Ya zan yi kada in ƙara gaba?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ɗan'uwa, juyowar nan da ka yi ba ƙaramin abu ba ne. Bari mu yi lissafi: uku sau 225 ya kama 675. Iyakar abin da likita zai yarda babba ya sha a yini 400 ne, kuma abin da aka amince a sayar a Najeriya mai 50 ne da mai 100. Wanda ya haura wannan iyaka yana iya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, kai kuma a saman gini kake yini.

Abin da ke damunka sabo ne. Jiki ya saba, shi ya sa adadin jiya ba ya isa yau. Duk abin da ka koma, haka za ka saba da shi. Penta kuwa ta fi muni a wurinka: tana iya tayar wa wanda ya saba da irin waɗannan magunguna ciwon rashin ƙwayar nan take, sannan wurin da ake yawan soka ta yakan taurare ya zama gyambo. Na wanke irin gyambon nan a cinyoyin samari, ba na so in sake gani. Kada kuma ka haɗa da Valium ko Roche don barci, haɗin nan ne ke tsayar da numfashi.

Wani dattijo: Ka zubar da su yau ɗin nan, ka kama azumi da addu'a. Namiji ne kai.

Ma'aikaciyar jinyar: Baba, addu'a kam dole, amma yankewa farat ɗaya daga 675 akwai haɗari. Likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan. In Kano kake, akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato na Kware. Ba sai mahaukaci ke zuwa ba. A duba ƙugun kuma, wataƙila gashin ƙashi yake so.

Wani da ya taɓa shiga: Ni da kodin na fara. Da aka hana shi a 2018 na koma Tramol, ina cewa ai na rage. Ƙarya nake wa kaina. Abin da ya taimake ni, na miƙa wa yayana maganin da kuɗin aikina, shi ke ba ni abin da likita ya ce. Kwana ukun farko na kowane ragi sun fi wuya, a kan tabarma nake kwana ina juyi. Abu ɗaya ka riƙe: in ka rage sannan shaiɗan ya ja ka, kada ka koma adadin da. Jiki ya manta da shi, zai iya kashe ka. Sannan ka gaya wa uwargida. Ina tabbatar maka ta riga ta lura, mai wanke safa ce fa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na gaya mata bayan isha'i. Ta yi kuka, ta ce tun azumin bara take ganin katin. Litinin za ta raka ni. Anti, kafin ranar in ci gaba da ukun ne?

Ma'aikaciyar jinyar: Kada ka ƙara ko rabi, kada ka hau gini, kuma ba sai Litinin ba. Ku tafi gobe da safe, ka riƙe katin a nuna wa likita.