Wace waya zan saya alhali layi ɗaya tak ke kamawa inda nike aiki?

Mushen Ƙauye:
Salamu alaikum jama'a, shawara nike nema. Ni malamin makaranta ne, iyalina na nan Maradi unguwar Zariya amma aiki ya kai ni wani ƙauye arewa da Dakoro, shekara ta ukku kenan. Cikin kamfanoni huɗun da muke da su, Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms, guda tak ke kamawa garin nan, ba zan faɗi ko wane ba kar a ce talla nike yi, shi ma sai ka hau tudun bayan makaranta gindin wani gawo sannan 4G ta leƙo. Da lambar nan kowa ya san ni, da ita nike tura ma uwargida kuɗin cefane, gurup ɗin malamai ma ita ce, to canza layi dai babu zancenshi. Satin da ya wuce wayata ta faɗa kwamin shayar da dabbobi bakin rijiya, na tsoma ta cikin shinkafa kwana biyu, ko motsi. Jika 70 gare ni. Wani abokin ƙanena ya kawo min iPhone 11 okaziyo wai daga Amurka anka aiko mashi, wallahi ta shiga raina, amma kuma ina ganin sabbin Tecno da Redmi a kasuwa. Mi kuka gani?

Mai Gyaran Salula:
Wa alaikumus salam mushe. Kafin ka ba shi ko dala, cire sim ɗinka ka sa cikin iPhone ɗin nan gabanshi ka kira wani. Wayoyin Amurka da yawa bashi ake ɗaukarsu wajen kamfanin layi, ana biya wata wata, sai kamfanin ya kulle ta da layinshi, in ta iso nan wifi kaɗai za ka mora. Shiga Réglages, Général, Informations, ka gangara ƙasa akwai wurin da ke nuna ko tana da kullen kamfani. Ka tabbata kuma mai ita ya fidda iCloud ɗinshi kana kallo. Ka buga *#06# IMEI ya fito, lamba 15 ce, ka gwada da wadda ke rubuce jikin ɗan tiren sim. Af, ga masu karatu, daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, waɗanda anka yi ma kasuwar Amurka ba su da ramin sim sam, eSIM ce kawai, wato sim ɗin da ke haɗe cikin waya ba kati ba, kar mutum ya saya yana ta juya waya yana neman ƙofa.
Amma kai matsalarka ba nan ta tsaya ba. Rezo hawa hawa ne, akwai 800, 900, 1800, a takardar waya za ka ga an rubuta B20, B8, B3. Ƙananan lambobin, wato 800 (B20) da 900 (B8), su ke tafiya nesa, su ke ratsa bangon laka, shi ya sa su anka fi so wajen karkara. Wasu wayoyin da anka ƙera don kasuwar cikin Sin ba su da B20, a cikin gari ba ka gane komi, sai ka wuce Kornaka ka ga 4G ta koma E, wato intanet mai jan ƙafa. Ka je ajans ɗin kamfaninka ka tambaye su wace ce eriyar yankinku ke bayarwa, sannan ka sayi mai ita.

Maman Biyu:
Mushe ka ji maganar mai gyara. Ni ta faru kaina bara, ɗan yayata ya sayo min wata a Kano mai kyau kamar a lasa, munka sa sim ta ƙi, wani ya manna mata wani ɗan siririn abu ƙarƙashin sim ta yi aiki wata biyu, ranar da ta yi mizajur shikenan ta koma gidan jiya. Yanzu yara ke kallon katun da ita. Kuɗina sun tafi, kuma ba ka iya rigima da ɗan uwa.

Ɗan Bagalam:
Ni fa ban yarda a tsorata mutum ba. Ba duk okaziyo ce ke da kulle ba, tawa shekara ukku a hannuna ko tari ba ta taɓa yi, kuma hoton da take ɗauka babu sabuwar jika 70 da za ta kamo ƙafarta. In ta wuce gwajin da mai gyara ya faɗa ka ɗauka kawai, tsohon doki ya fi sabon jaki.

Mai Gyaran Salula:
Ɗan Bagalam kai kana cikin gari, soket na bakin gadonka. Shi fa mushe panon sola ne ko cajin mai shago. Batirin iPhone 11 tun tana sabuwa 3110 mAh ne, balle wadda ta sha hannu, ga shi inda rezo ke da rauni waya ƙara ƙarfi take tana neman eriya, batir na zuba kamar an huda tulu, ga zafin watan Afrilu. Sabbin nan masu araha kusan duk 5000 ne. Kuma in ekran ya fashe, na Tecno ko Itel ko Infinix kowane lungu na babbar kasuwa akwai shi. Hoto kam na ba ka gaskiya.

Malam Na Tasawa:
Abokin aiki, nima na yi zaman daji shekara biyar, abin da zan ƙara kaɗan ne. Kar ka tsaya wahalar lissafin B kaza, ka dubi wayar da mutanen garin ke riƙewa, wa ke samun WhatsApp daga cikin ɗaki, wa ke hawa tudu. Mai shagon caji ya fi kowa sani tunda duk wayoyin gari ta hannunshi suke bi. Ka nemi RAM 4 ta gaskiya, ba wadda ake rubuta 4+4 ko 3+3 a kwali ba, rabin nan aro ne daga memuwar. In sim ɗinka tsohon babba ne kar ka bari a yanke ma da almakashi, ka tafi ajans da katin ɗan ƙasa su canza ma ƙarami mai 4G, lambarka na nan yadda take. Kuma ka roƙi mai butik ya rubuta ma garanti a rasit, ko na sati biyu ne, har ka je can ka gwada.

Mushen Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na dawo daga wajen yaron, na sa sim ɗina, sanda ko ɗaya ba ta fito ba, ya ce wai a ba shi jika 10 akwai mai buɗewa a Katsina, na ce a kai kasuwa. Na kira mai shagon cajin garinmu ta lambar darakta, ya ce in ba shi zuwa magariba zai duba min sunayen waɗanda ke kamawa daga cikin gida. Mai gyara, rumfarka ta wace ƙofa take? Ina so in kawo ma tsohuwar ko hotunan yara na fita, ban taɓa ajiye su wani wuri ba.