Rance da inshora ga mai ƙaramar sana'a: wa ya taɓa gwadawa?

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗinki nake yi a gida, ina so in ƙaro keke ɗaya in ɗauki yarinya. Banki sun ce sai na kawo jingina da wanda zai tsaya mini. Ni ba takardar fili, ba rajistar sana'a. Ina mafita? Kuma wata ta ce in yi wa kayan inshora, anya akwai amfani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Adashe, Hajiya. Magana ta ƙare.

Ummu Sadiq: Ina ciki Yaya, amma ɗaukata sai wata na tara.

Mai Fenti: Ƙanwata, bari in ba ki labarina, don wanda ya ƙone da wuta shi ya san zafinta. Na karɓi rance a wani ƙaramin banki, suka ce ruwa kashi 3 cikin 100 a wata. Na ga da sauƙi. Ashe a kan jimlar kuɗin farko suke lissafawa har ƙarshen shekara, ko da na biya rabi. Idan aka auna da abin da ya rage a hannunka, ruwan ya kusa ninkawa. Ga kuɗin fom da suka zare tun kafin su miƙo mini. Tambaya ɗaya za ki yi musu: nawa zai shigo hannuna yau, nawa zan biya gaba ɗaya? A rubuce. In suka fara kame-kame ki tashi.

Inshorar kuwa ita ta fi ƙona mini rai, kuma da laifina a ciki. Don in rage kuɗin da nake biya duk shekara sai na rubuta rabin darajar kayan shago. Gobara ta ci wani ɓangare. Mai tantancewa ya zo ya ƙiyasta, ya ce tunda rabi na yi wa inshora, rabin asarar za su biya. Sharaɗin yana nan cikin takardar, ni ne ban karanta ba. Sannan suka ce in kawo rasit. Wane rasit? Komai a kaina yake. Wata biyar ina zarya. Tun daga ranar nake rubuta ko da buroshi ɗaya na sayar, kuma ina ɗaukar hoton littafin a waya.

Anti Rabi: Subhanallahi. Allah Ya mayar da alheri.

Malam Sani: Ni tambayata, duk wannan ba riba ba ce?

Baban Khalifa: To, Malam ya iso.

Malam Sani: Ba wasa nake ba. Akwai murabaha: banki su sayi keken da kansu, su sayar mata da ƙarin da aka sani tun farko, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Inshora kuma akwai takaful, ana zuba kuɗi a asusu ɗaya a matsayin gudummawa, wanda masifa ta faɗa wa a biya shi daga ciki. Ba sabon abu ba ne, tun 1979 aka fara a Sudan, Malesiya ta yi masa doka a 1984.

Mai Fenti: Malam, su ma takaful ɗin sai sun nemi rasit.

Malam Sani: Ban musa ba.

Zee Baby: Ni dai abu ɗaya, kar ki kuskura ki taɓa manhajojin rancen nan na waya. Na makara kwana huɗu, har surukata suka tura wa saƙo. A 2023 Google ya hana irinsu leƙa lambobi da hotunan mutum a Play Store, amma masu yawo da su ta bayan fage suna nan.

Baban Khalifa: Surukar ta biya miki? 😂

Zee Baby: Baba ka ji da uwar adashenku da ta yi ɓatan dabo bara.

Baban Khalifa: Ta dawo! Tafiya ta yi.

Anti Rabi: Ummu, nemi masu ba da rancen ƙungiya. Ku haɗu mata biyar, ba jingina, ana biya duk mako. Tsarin bankin Grameen ne na Muhammad Yunus a Bangladash, har lambar yabo ta Nobel suka samu a 2006. Sai dai ki zaɓi abokan tafiya da kyau, in ɗaya ta gaza a kanku za a tsaya.

Zee Baby: Biyan mako-mako ga mai ɗinki? Mutanen da sai sun ga dama suke zuwa karɓar kaya?

Anti Rabi: Wannan kuma gaskiya ce.

Ummu Sadiq: Na gode duka. Yaya Mai Fenti, littafin awo da nake rubuta sunan masu kaya da kuɗinsu, zai shiga?

Mai Fenti: In da kwanan wata a jiki ya fi babu. Ki ce masu kaya su riƙa turo kuɗi ta asusu, wata shida na shige da fice ya fi dogon bayani a gaban jami'in rance.

Malam Sani: Baban Khalifa, da gaske ta dawo?