Wace kalma za mu sa wa polarization da Hausa?

Jama'a ku zo mu gama da kalmar nan don Allah, kullum sai ka ji masu sharhi a rediyo sun zo kanta sun ce "rarrabuwar kawuna" sun wuce, ni kuma gaskiya ba ta gamsar da ni. Rarrabuwar kawuna ai ko kwamitin masallaci ana yi, mutum goma ra'ayi goma. Ita polarization abin da take nufi shi ne jama'a su koma gida biyu rak, tsakiya ta zama ba kowa, kuma kowane gida yana ganin ɗayan a matsayin abokin gaba.

Wasu sun kawo shawarar a ce "tsattsauran ra'ayi". Shi ma bai yi ba, domin mutum zai iya zama ba shi da wani ra'ayi mai zafi kan haraji ko tsaro amma ya tsani 'yan ɗaya jam'iyyar har zuci. A Amurka an yi tambaya a 1960 ko za ka ji haushi ɗanka ya auri 'yar wata jam'iyya, wajen kashi 5 cikin ɗari ne suka ce e. A 2010 da aka sake tambaya, kusan rabin 'yan Rifablikan da wajen kashi ɗaya cikin uku na 'yan Dimokrat suka ce za su ji haushi. Maganar aure fa ake, ba manufofin gwamnati ba.

Shi ya sa nake so kalmar da za mu zaɓa ta ɗauko tushen abin. Masu nazarin asalin ɗabi'un ɗan Adam suna cewa kakanninmu sun yi dubun dubatar shekaru suna yawo ƙungiya-ƙungiya suna farauta da tsintar 'ya'yan itace, noma kansa bai wuce shekara dubu goma sha biyu ba, kuma a irin wannan rayuwa wanda ƙungiya ta kora ya gama yawo, ba abinci ba mai tsaronsa, don haka wanda ya iya gane namu da wanda ba namu ba da sauri shi ya rayu ya hayayyafa. Ba sai ka yarda da duk abin da Darwin ya faɗa ba kafin ka ga wannan halin a jikinmu, Ibn Khaldun tun 1377 ya yi dogon bayani kan asabiyya.

Akwai gwajin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Henri Tajfel, ya yi a Bristol ta Ingila wajen 1970. Ya raba 'yan makaranta gida biyu, aka ce musu wai bisa zanen da ya fi burge su ne, ba su ma san waye a gidan nasu ba. Da aka ba su maki su raba, kowa ya fifita ɗan gidansa, wasu har sun gwammace nasu ya samu kaɗan in dai zai fi na waje. Ba gaba ba tarihi ba addini, suna kawai aka raɗa musu.

Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda da kalmar ƙabilanci ba, duk da mutane da yawa shi suka kawo. Ƙabilanci zai sa a ɗauka sai an bambanta yare ko asali. Mu da muka san Kano mun san ba haka ba ne, NEPU da NPC Hausawa ne da Fulani a ɓangarorin biyu, amma an raba aure an daina gaisawa. PRP ma jam'iyya ɗaya ce, ta koma santsi da taɓo a farkon shekarun 1980, 'yan Rimi da 'yan Malam Aminu, unguwa ɗaya, wani lokacin uwa ɗaya uba ɗaya. Ɓangaranci ya fi kusa amma kunnenmu ya saba jinsa kan kudu da arewa.

Ni dai darewa nake ba da shawara. Darewa gida biyu in ana son a cika ta. Mun riga mun saba cewa jam'iyya ta dare gida biyu, kuma abu ba ya darewa sai da can guda ne, kamar itacen da aka sa wa gatari. Abin da mai nazarin birai Jane Goodall ta gani kenan a dajin Gombe na Tanzaniya, garken birai guda ya rabu biyu, na Kasakela da na Kahama, daga 1974 zuwa 1978 na Kasakela suka bi mazan Kahama ɗaya bayan ɗaya har suka ƙarar da su, alhali tare suka taso suna yi wa juna susa.

Kuma tana juyuwa a baki, wanda shi ne abin da ke kashe yawancin kalmomin da muke ƙirƙira. Ƙasa ta dare, soshiyal midiya na ƙara darewar jama'a, dararriyar al'umma. Mai fassarar labarai zai iya sa ta a kanun labari ba sai ya yi sharhi ba. In gabar ake son nunawa ita kaɗai, irin ta ƙin ba da aure, sai a ce gabar darewa.

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi ku faɗa mana ko darewa na shiga kunne a wajenku, in kuna da wata da kuka saba da ita a gidajen rediyonku ku ajiye ta a ƙasa mu gwada ta a jimla.